Wuƙaƙe Biyu, Daga Boɗinga Zuwa Shagari

A hutun da ya wuce mun bi titin Sakkwato zuwa Jega, muka yada zango a Boɗinga, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya taɓa zama. A kasuwa muka ga wuƙar aljihu mai tambarin Okapi, wadda aka fara ƙera irinta a Jamus a 1902, kafin aikin ya koma Afirka ta Kudu a 1988. Da muka duba sosai, sai muka ga babu harafi ɗaya a sunan. A Turai akwai masu tara wuƙaƙen da masana'anta ta yi wa kuskuren tambari. A kasuwanninmu kuwa, yawanci alamar jabu ce.

Muka wuce Shagari, mahaifar marigayi Shugaba Shehu Shagari. Can wani tsohon maharbi ya nuna mana tasa wuƙar. Maƙeri ya ƙera ta da sifirin mota, baduku ya ɗinka kuben. Ba ta da tambari.

"'Ya'yana," in ji shi, "in ƙotar ta fita, na san ƙofar wanda ya yi ta. Sai dai ya tsufa, kuma babu yaro a bakin zugazuginsa."

Ɗalibai, ku tambayi iyayenku wa ya ƙera tsohuwar wuƙar gidanku, ku rubuta sunansa. Wuƙar kuwa a bar ta gida, ba kayan makaranta ba ce.