Daga Dandali Zuwa Gidan Gem: Wasannin Bidiyon Da Muka Fi So

Masu iya magana kan ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Saboda haka kada mai karatu ya yi mamaki idan ya ga malamin adabi ya ɗauki alƙalami zai yi magana a kan wasannin bidiyo, waɗanda yara ke kira gem, amma ya ɓuge da zancen jigo da tauraro da zubin labari. Mu dai muna cikin waɗanda ƙuruciyarsu ta yi daidai da shigowar waɗannan wasanni unguwarmu ta Ajilari a Maiduguri, wajen farkon shekarun 1990, lokacin da ake haɗa 'yar na'ura da talabijin, a cusa mata kaset mai ruwan ɗorawa wanda aka rubuta a bayansa cewa yana ɗauke da wasanni ɗaruruwa, alhali idan aka ƙirga na gaskiya ba su kai ashirin ba. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, wasan bidiyo mai kyau tatsuniya ce wadda aka miƙa wa mai sauraro linzaminta. A kan wannan ma'auni muka zaɓi waɗanda muka fi so daga gidaje uku: wasan tsalle-tsalle, da wasan yawon kasada, da wasan shiga rigar tauraro.

A gidan tsalle-tsalle babu wanda zai ja da Super Mario Bros., wanda kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fitar a 1985 a ƙarƙashin jagorancin Shigeru Miyamoto. Labarinsa bai wuce layi biyu ba: dodo ya sace gimbiya, wani ɗan gajeren mai gyaran famfo ya tafi ƙwato ta. Akwai duniyoyi 8, kowace da matakai 4, kuma ana fara wasan da rai uku. Abin da ya sa muke ƙaunarsa shi ne, a ƙarshen kowace fada daga ta ɗaya har ta bakwai, bayan mutum ya sha baƙar wuya ya kayar da dodo, sai a gaya masa cewa gimbiyar tana wata fadar a can gaba. Wanda duk ya taɓa zama gaban kakarsa da dare ya san wannan salo, domin haka ake yi wa yarinyar tatsuniya: wannan tsohuwa ta tura ta wajen waccan, waccan ta ce sai ta cuɗa mata baya kafin ta nuna mata hanya. Maimaitawa da jan rai su ne ƙashin bayan adabin baka, kuma su ne ƙashin bayan Mario.

Amma idan aka ce mu ɗauki guda ɗaya tak a wannan gida, to Prince of Persia za mu ɗauka, wanda wani Ba'amurke mai suna Jordan Mechner ya ƙirƙira a 1989. Mun fara ganinsa ne a kwamfutar wani shagon buga takardu, kuma nan take muka ji kamar an buɗe mana littafin Dare Dubu da Ɗaya. Sarki ya tafi yaƙi, mugun waziri Jaffar ya tsare gimbiya ya ba ta sa'a ɗaya ta aure shi ko ta mutu, saurayinta kuwa yana can ƙasa cikin kurkuku. Minti 60 ɗin nan na gaske ne, agogo na tafiya ko mai wasa ya faɗa rami sau ɗari. Mechner ya ɗauki ƙanensa a bidiyo yana gudu yana tsalle, sannan ya bi hotunan ya zana motsin tauraron, shi ya sa idan yaron ya kama bakin katanga da yatsu sai ka ji gabanka ya faɗi. Inda wasan ya kai matsayin adabi shi ne wurin madubi. Tauraro ya tsallake ta cikin wani madubin tsafi, inuwarsa ta rabu da shi ta zame masa abokin gaba. Can kusa da ƙarshe suka yi gaba da gaba, kuma duk saran da ya kai mata a jikinsa yake ji. Ba a cin wannan faɗa sai mutum ya mai da takobi kube, ya nufi inuwar su koma abu ɗaya. Mun karanta ƙagaggun labarai masu shafi ɗari uku da suka kasa faɗin abin da wannan 'yar fitowa ta faɗa game da yaƙin mutum da zuciyarsa.

A gidan yawon kasada kuwa zaɓinmu shi ne The Legend of Zelda na 1986. A nan ba a tura mutum daga hagu zuwa dama kamar akuya a turke. Ana jefa shi tsakiyar ƙasar Hyrule ba takobi ba jagora, sai ya shiga wani kogo wani tsoho ya ba shi makami, daga nan ya nemi gutsattsarin wani abu mai tsarki guda 8 da aka ɓoye a kurkuku daban-daban. Miyamoto ya sha faɗin cewa yawon da ya yi yana yaro cikin dazuka da koguna na karkarar Kyoto shi ne asalin wasan. To mu ɗalibai na adabin Hausa ai mun san wannan zubi tun kafin a haife mu. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934, Alhaji Imam ya bar Kwantagora neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, yana tafe gari bayan gari, yana gamuwa da masu taimako da masu cuta, ga Malam Zurƙe na ɓullo masa kowane lungu kamar abokin karawar da ba ya mutuwa. Masanin nan ɗan ƙasar Rasha, Vladimir Propp, ya nuna a 1928 cewa tatsuniyoyin ƙasarsu ba su wuce matakai 31 ba, daga rashin wani abu a gida, zuwa fita nema, zuwa samun makami daga hannun mai kyauta, zuwa komowa. Ɗalibin da darasin Propp ya shige wa duhu, a ba shi Zelda na mako ɗaya.

Gida na uku shi ne wanda ya fi cin lokaci, wato wasan shiga rigar tauraro, inda mai wasa ke rainon mutanensa, su ƙara ƙarfi da dabara sannu a hankali. A nan Final Fantasy VII muka fi so, wanda kamfanin Square ya fitar a 1997 a na'urar PlayStation, cikin faifai uku. Mun yi shi ne da ƙamus a gefe, domin zancensa na Ingilishi ya fi na littafin makaranta yawa. Jigonsa wani kamfani ne mai suna Shinra da ke tsotse ran ƙasa yana mai da shi wutar lantarki, talakawa na zaune ƙarƙashin birni ba sa ganin rana. Amma abin da ba a mantawa shi ne mutuwar Aerith, yarinya mai sayar da furanni, a ƙarshen faifai na farko. Duk tsawon wasan akwai maganin da ke tayar da wanda ya faɗi a fagen fama, amma ita ba ya tayar da ita. Masu wasan sun karya dokar wasansu da gangan, don mai wasa ya ɗanɗana abin da kowa ke ɗanɗanawa a rayuwa, wato rashin da ba shi da maɓallin komawa baya.

Wannan ya kawo mu ga dalilin da ya sa zancen ya wuce nishaɗi a wurinmu. Yaran da suka tashi a Maiduguri daga 2009 zuwa gaba sun tashi ne cikin dokar hana fita. Dandali ya mutu, wasan dare ya ɗauke, ba langa ba 'yar ɓuya a farin wata, kuma da yawa cikin kakannin da ke yin tatsuniya suna can an baro su a ƙauye ko suna sansanin gudun hijira. A watan Mayu na 2013, da aka kafa dokar ta-ɓaci, har layukan waya aka rufe, wayar hannu ta koma fitila da abin yin gem. Ranar 1 ga Maris, 2014, bama-bamai biyu suka tashi a Ajilari suka ci rayuka masu yawa. Yaron da ya ga wannan ba ya bukatar wani ya koya masa cewa rai guda ne. Abin da ya samu a wasa shi ne wani ɗan fili inda faɗuwa ba ita ce ƙarshe ba, inda dodo ke da doka kuma ana iya gane lagonsa, inda haƙuri da sake gwadawa ke biya. Mun ga yara sun kewaye waya ɗaya, guda na latsawa biyar na ba da shawara, suna gardama a kan hanya, kamar yadda muke katse kaka mu ce ba haka Gizo ya yi jiya ba.

Ba mu ce kukan iyaye ba shi da tushe ba. Akwai yaron da gidan gem ya raba da makaranta da sallar magariba, akwai wanda ya fara taɓa canjin cefane, akwai kuma wasannin da ba abin da ke cikinsu sai harbi da caca. Kowane allazi da nasa amanu. Amma haka aka yi kuka da littattafan soyayya na Kano a shekarun 1990, kuma ga shi yau ana rubuta kundin digiri a kansu. Maganin mugun labari shi ne labari mai kyau, da babba wanda ya san bambancinsu.

Abin da ke damunmu ya fi wannan zurfi. Duk wasannin da muka lissafa, ba ko ɗaya da ke magana da harshenmu ko ya san sunan garinmu. Maƙwabtanmu na Kamaru sun riga mu: a 2016 kamfanin Kiro'o Games na Yawunde ya fitar da Aurion: Legacy of the Kori-Odan, labarin wani yarima da surukinsa ya ƙwace masa sarauta ranar aurensa, da sutura da kiɗa na Afirka. Mu kuwa ga labarin Bayajida a ajiye, wanda tamkar don wasa aka tsara shi: fita daga Bagadaza, zama a fadar Borno da auren Magira, gudu cikin dare, maƙeran Gaya su ƙera masa makami, tsohuwa Ayana ta ba shi masauki a Daura, sannan macijin rijiyar Kusugu a mataki na ƙarshe. Ga Gandoki, ga Iliya Ɗan Maiƙarfi, ga Gizo da dabarunsa da suka isa wasa goma.

Saboda haka kiranmu ga ɗaliban sashen Hausa shi ne su ƙulla abota da takwarorinsu na sashen kwamfuta. Su suna da ilimin na'ura, ku kuna da labari, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yaran Ajilari ba za su daina wasa ba. Abin da ya rage a hannunmu shi ne ko za su iske Kusugu a cikin wayoyinsu, ko kuwa su girma sun san kowane lungu na Hyrule ba su san hanyar Daura ba. Allah ya sa mu dace.