Agogon turbo da ba ya faɗin lamba

Yawancin masu mota a garuruwanmu agogo biyu suke kallo: na mai da na zafin inji. Idan motar mai turbo ce, a wasu akwai na uku, wanda ke nuna ƙarfin iskar da ake turawa cikin inji, amma ba kowa ke kula da shi ba. Ni na cire wanda kamfani ya saka a motata, na sa wani a gurbinsa, kuma ina ganin dalilin ya shafi duk magidancin da ke ɗaukar iyalinsa ya kama doguwar hanya.

Mu fara da aikin turbo, kamar yadda nake yi wa ɗalibaina bayani a darasin kimiyya. Hayaƙin da inji ke fitarwa kafin ya kai salansa shi ne ke juya wata ƙaramar farfela, ita kuma ta juya ƴar uwarta da ke matsa iska tana cusa ta cikin inji. Iska ta ƙaru, mai ya ƙone da yawa, mota ta ƙara ƙarfi. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1905. Farfelar kan juya fiye da sau 100.000 a minti ɗaya, don haka ƙaramar matsala ba ta daɗewa kafin ta zama babba. Iskar da muke shaƙa tana danna komai da nauyin kusan bar 1, agogon turbo kuwa abin da ya ɗaru a kan wannan yake aunawa. Wasu agogunan da psi suke ƙirga, bar 1 kusan psi 14,5 ke nan.

Motata tsohuwa ce mai shan fetur, daga Turai aka shigo da ita bayan ta sha aiki a can. Agogonta na asali ba lamba ko ɗaya a fuskarsa, sai layi fari da ɗan ja a ƙarshe. Ka taka totur allura ta tashi, ka ɗaga ƙafa ta koma. Da muka buɗe bayansa ni da bakaniken unguwarmu, wani dattijo da ya tsufa a cikin baƙin mai, sai muka ga waya kawai ke shiga, ba tiyon iska. A irin wannan ƙira, kwamfutar mota ce ke lissafi ta ce wa allura ga inda za ki tsaya. Dattijon ya ce mini: "Mushe, wannan ai ba awo yake ba, rarrashi yake." Kamfanonin mota suna da hujjarsu, ba sa son direba ya firgita don allura ta ɗan motsa. Amma motar da ke shaƙar ƙurar hunturu, ta sha zafin watan Afrilu da ke wuce digiri 40, ba ta cikin yanayin da aka ƙera ta dominsa.

Sauyin ba wuya. Agogo iri biyu ne: mai tiyo, wanda iska ke zuwa har bayansa, da mai lantarki, wanda ake ɗaura wa na'urar awo a jikin inji. Mai tiyo na zaɓa, don kowane gareji zai iya gyara shi. Mun yanke wani siririn tiyo da ke fitowa daga bututun da ke raba wa inji iska, muka sa mahaɗi mai baki uku, muka bi da sabon tiyon ta ramin roba da wayoyi ke ratsawa zuwa cikin mota, nesa da duk ƙarfen da ke yin zafi. Wayar fitilarsa muka haɗa da ta ƙananan fitilu don a gan shi da dare. Kowane baki sai da aka ɗaure shi tamau, domin tiyon da ke yoyo zai sa agogon ƙarya, ya kuma dagula aikin inji.

Babban aikin bayan nan yake. Lamba ba ta da amfani ga wanda bai san yadda motarsa take ba tana lafiya. Na samu ƙaramin littafi na rubuta: inji a kunne mota a tsaye, allura tana ƙasa da sifili, wajen 0,6, a hawa, ƙafa a kan totur, tana kai 0,7 ta tsaya cak. Mai motar gazuwal kada ya damu idan tasa ba ta sauka ƙasa da sifili ba, haka injinsa yake.

Watanni bayan haka, muna kan babbar hanyar ƙasa ta 1 tsakanin Maraɗi da Birnin Ƙonni, uwargida da yara a baya, na ga allura ta ƙi wuce 0,4. Ba ƙara, ba hayaƙi, motar tana tafiya. Na rage gudu har muka shiga gari. Da aka duba, babban tiyon da ke kai iska inji ne ya tsage ta ƙasa. Idan iska na zurarewa, turbo kan ƙara juyi don cike giɓin, har ya gaji ya lalace. Kuɗin tiyo kaɗan ne, na turbo kuwa sai ya taɓa kuɗin makarantar yara na shekara. Ga kuma tsayuwa a daji da ƙananan yara cikin rana.

Akwai ɗaya ɓangaren, kuma iyaye nake so su ji shi. Da babban ɗana ya ga lamba, abin da ya fara tambaya shi ne: "Baba, ba za a iya kai ta 1 ba?" Za a iya. Akwai wata ƴar ƙofa da ke buɗewa ta saki hayaƙi idan iska ta kai iyakar da aka tsara, kuma samari sun san yadda ake matse ta. Sai dai iska mai yawa a cikin zafinmu, da man kwalba na bakin titi wanda ba ka san ingancinsa ba, kan sa mai ya fashe kafin lokacinsa, ya ci kan fistan. Na ce masa ba don tsere na sa agogon ba, na sa shi ne don in ga ciwo tun yana ƙarami. Yanzu shi ke riƙe littafin idan muna tafiya, yana karanta allura yana rubutawa, har ya iya juya bar zuwa psi da ka.

Shawarata ga mai irin wannan mota: ka sa a duba ko agogonka iska yake aunawa ko umurnin kwamfuta yake bi. In ka sauya shi, rubuta lambobin makon farko ka adana. Idan allura ta gaza abin da ka saba gani, duba matatar iska da tiyo. Idan ta zarce, ɗaga ƙafarka nan take, ka nemi gareji mafi kusa. Allah Ya kai mu gidajenmu lafiya.