Mai Dilka ta Gyaɗi-Gyaɗi

Wanda ya biyo Titin Zariya daga Dangi ya nufi Unguwa Uku, kafin ya wuce Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, to, yana cikin Gyaɗi-Gyaɗi. A wani lungu na wannan unguwa akwai wani ɗaki da ke jikin zauren wani gida, ba shi da allon talla, amma ƙamshin sandal da kanumfari da ke fita daga cikinsa ya ishi mai nema jagora. A nan ne wata matashiya take sana'ar gyaran jiki. Yaran unguwa ba su san ta da wani suna ba sai Mai Dilka, har ta kai ga manya ma sun bi bakin yara.

Ita dai wannan baiwar Allah ta yi karatu har jami'a, ta yi hidimar ƙasa, ta kuma yi shekara biyu tana yawo da takardu daga wannan ofis zuwa wancan, ana ce mata ta dawo jibi. Ana cikin haka sai ta saba da wata dattijuwa Bashuwa wadda rikicin Boko Haram ya koro daga Maiduguri, ta zauna a Tarauni tana gyaran amare. Da fari rakiyar wata ƙawarta ta yi. Daga baya sai ta zama mai miƙo kwano, sa'an nan mai dama haɗi, har ta yi wata tara a hannun dattijuwar kafin a sallame ta da addu'a da 'yar tukunyar kasko.

Ranar da ta nemi mahaifinta ya ba ta ɗakin zaure, tsohon malamin makaranta ne, sai ya daɗe bai ce uffan ba. Can ya ɗago ya ce, "Yanzu duk karatun nan, ƙarshensa cuɗa ƙafar 'ya'yan mutane?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, ku dai sa mini albarka." Ya ba ta makulli, amma albarkar ta ɗan jinkirta.

Ba za a ga laifin tsohon ba, domin a idon mutanen zamaninsa wannan ba sana'a ba ce, hidimar biki ce. A da, alwanka ce ke wanke amarya, tsofaffin gida su kwaɓa lalle a yi ƙunshi, a zura hannu a zunguru a kwana da shi. Kayan aikin kuwa ba su wuce sabulun salo da man kaɗanya da man shanu ba, ladan aiki kuma goro ne da ɗan tukuici. Dilka da halawa baƙi ne a Kano. Asalinsu al'adar matan Sudan ce, suka biyo ta Chadi da Barno a hannun Shuwa da Barebari, har suka zama kamar wajibi a bikin Bahaushe. Da suka zauna da gindinsu, sai hidima ta koma sana'a mai farashi da ciniki da gasa.

Aikin kansa yana da wuya fiye da yadda ake zato. Halawa sukari ne da ruwan lemun tsami da ake dafawa har ya yi danƙo, a manna a fata a fizge, ya tafi da gashi da matacciyar fata. Idan wuta ta yi yawa ya ƙone ya zama alewa, idan ta yi kaɗan ya tsinke a hannu, idan kuwa aka ɗora shi da zafi, to, an yi wa 'yar mutane tabo ana saura kwana bakwai ɗaurin aure. Ita dilka, a Sudan da garin dawa ake kwaɓa ta a turara da hayaƙin itace, a nan kuwa an fi yin ta da dafaffen dankalin Turawa da kurkum da mai da kayan ƙamshi. Ana shafa ta a bari ta sha iska, sa'an nan a bi jiki da murza, gaɓa gaɓa, tun daga wuya har tafin ƙafa. Mutum ɗaya kan ci awa uku. Bayan wannan sai turaren jiki, amarya ta zauna bisa kujera mai huda, a lulluɓe ta da bargo, hayaƙin durot na ratsa ta. A watan Sha'aban da kuma bayan Sallah, lokacin da aure ke yawa, Mai Dilka kan kwanta da yatsu a kumbure. Amma a shekararta ta biyu ita ta biya wa ƙannenta biyu kuɗin makaranta, mahaifin kuma ya fara gyara tsayuwar kekensa don kada ya tare wa baƙinta hanya.

To, sai dai akwai wata kalma da ta addabi wannan sana'a, watau "haske". Dilka ta gaskiya takan goge dauɗa da matacciyar fata, jiki ya yi sumul ya yi sheƙi, amma ba ta mai da baƙa fara. Iyayen amare kuwa fari suke nema. Al'ummar da ke yi wa farar mace kirari da alkyabbar mata, samarinta na cewa fara ko mayya ce, ba ta da bakin zargin yarinyar da ta je neman fari a kwalba. Tun a 2011 wani rahoto na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da man canja launi, kuma babu ƙasar da ta kai haka a cikin waɗanda aka lissafa a Afirka.

Wata rana wata Hajiya ta kawo 'yarta, kyakkyawar yarinya wankan tarwaɗa, saura mako uku biki. Ta ce, "'Yar nan, so nake dangin miji su kasa gane ta." Mai Dilka ta ce, "Hajiya, za ku ga ta yi kyau, amma launinta ba zai sauya ba." Hajiya ta yi dariya ta ce ai kowa ya san akwai abin da ake ƙarawa, ta kuma ninka kuɗin. Mai Dilka ta san abin. Wasu 'yan bututu ne da ake sayarwa a shagunan kayan shafa, maganin ciwon fata ne mai ƙarfi da ya kamata a ce likita ne ke rubuta shi, da wani mai kuma mai ɗauke da sinadarin haidurokwinon. Ta saya, ta matse su cikin man shafawa, ta ba amarya ta riƙa shafawa safe da dare. Ranar kamu mata suka yi ta tambayar wa ya yi wannan gyara. A watan nan kaɗai ta sami amare shida.

Hausawa sun ce jiki magayi. Bayan kamar wata takwas, yarinyar ta dawo da niƙabi, ita da ba ta saba sa shi ba. Da ta yaye, sai ga fuska ta yi ja ta feso da ƙuraje, gaɓoɓin yatsu sun yi baƙi ƙirin, damatsa sun tsage da nankarwa, jijiyoyi kore shar a ƙarƙashin fatar da ta yi siriri kamar takarda. Ashe tun bayan biki ba ta daina shafawa ba, domin duk ranar da ta bari sai ƙaiƙayi ya hana ta barci, launin kuma ya dawo fiye da na da. Ta ce, "Yaya, mijina ya ce ba wannan ya aura ba. Ki ƙara mini mai ƙarfi."

Ba ta ƙara mata ba. Ta ɗauki mayafi ta raka ta asibitin da ke bakin titi, wanda tun tana ƙarama take wucewa ta gabansa, a goye da kuma da ƙafarta, ba ta taɓa tunanin yana da alaƙa da sana'arta ba. Likitar fata ta duba, ta yi bayani cewa launin da ke jikin baƙar fata garkuwa ce daga zafin rana, man nan kuwa yana hana fata yin launin, yana kuma cinye kaurinta. Ta ce wasu mayukan har zaiba ake sa musu, wadda kan lalata ƙoda. Ƙuraje za su warke a hankali, in ji ta, amma nankarwar ta zauna ke nan. Daga nan ta tambaya, "Wa ya haɗa miki wannan?" Yarinyar ta dubi ƙasa, ta ce a kasuwa ta saya. Mai Dilka na tsaye a gefe riƙe da jakar yarinyar. Wannan rufin asiri da aka yi mata ya fi mata zafi a kan a ce an tona.

Abin lura a nan shi ne babu wanda ya taɓa koya mata abin da likitar ta faɗa cikin minti goma. Dattijuwar Tarauni ta koya mata hannu, ba ta koya mata fata ba, don ita ma ba da bututu ta tashi ba. Mace na iya buɗe shagon gyaran jiki yau, gobe ta fara haɗa mai tana tallarsa a Instagram, ba wanda zai tambaye ta inda ta koya. A 2023 Hukumar NAFDAC ta bayyana shafe-shafen canja launi a matsayin babbar barazana ga lafiyar al'umma, amma hukuma tana iya kama kwali a kasuwa, ba ta ganin abin da ake matsewa cikin kwano a bayan labule. Haka ma baƙin lalle da ake yi da rinin gashi, wanda kan tashi fatar wasu ta yi bororo.

Daga ranar ta daina haɗi. Ta kuma ɗauki wasu ɗabi'u da abokan sana'arta ke yi wa dariya: takan gwada kowane kwaɓi a bayan kunne ta jira kwana ɗaya, ba ta taɓa fatar da ke da ƙyasbi ko makero ko buɗaɗɗen ƙurji, sai ta ce a je asibiti tukuna. Ciniki ya ragu ƙwarai. Wasu suka ce hannunta ya mutu. Waɗanda suka rage mata su ne matan aure masu zuwa wata wata, da masu jego, da kuma waɗanda mai ya riga ya ƙona suna neman hanyar dawowa, su ne kuma suka fi kowa wahalar aiki da ƙarancin biya.

Kwanan baya wata uwar amarya ta zo daga Hausawa da 'yarta. Aka yi gaisuwa, aka yi ciniki, sai ta rage murya ta ce a sa mata ɗan abin haske. Mai Dilka ta ce, "Hajiya, ku yi haƙuri, ba na yi." Matar ta ce, "To, ai ba ke kaɗai ba ce a Gyaɗi-Gyaɗi." Ta ja hannun 'yarta suka fita, yarinyar na waiwaye. Mahaifin yana zaune a zaure bisa buzunsa, duk ya ji. Bai ce kome ba, sai ya ɗaga murya ya ce mata ta duba tukunyarta, yana jin ƙaurin sukari.