Wasiƙa Zuwa Wurno Kan Shawarar Baffa

Yayana,

 

Na ji saƙonka cewa idon Baffa ya yi ɗorawa, fitsarinsa ya yi ja, ya rame har wando ba ya zama a ƙugunsa, kuma jiƙon shawara ake ba shi. Yaya, don Allah a ajiye jiƙon nan. Dattijon da ya haura sittin, ga shawara, ga susa dare da rana, ga ciwon ciki mai soka har baya, wannan sai likita. Ciwon hanta ko tsakuwar matsarmama kan kawo haka, amma abin da ya hana ni barci shi ne sankarar fankiriyas.

Fankiriyas wata tsoka ce a bayan jakar ciki, ita ke fitar da insulin. In ƙari ya tsiro a kanta sai ya toshe hanyar ruwan matsarmama, daga nan ido ya canja launi. Muguntar cutar, ba ta bayyana sai ta ci jiki, shi ya sa da ƙyar ake samun mutum ɗaya cikin biyar da tiyata za ta yiwu a kansa. A 2022 ta kama mutum sama da 500,000 a duniya, ta kashe fiye da 460,000. Ko a Amurka, 13 cikin 100 ne ke kai shekara biyar, amma in an gano ta kafin ta bazu, sun haura 40.

Ta fi yawa a Turai da Amurka. Ƙarancinta a lissafin Afirka kuwa har da rashin gwaji, don dattawanmu da yawa kan rasu ba a taɓa ɗaukar hoton cikinsu ba. Sigari na ninka haɗarinta, ƙiba da ciwon suga da gado na ƙara shi. Ka san Baffa da sigari, sugan nan kuma bara ya bayyana masa.

Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Ka kai shi Asibitin Tarayya na Birnin Kudu a gwada jini, a yi sikanin. In sun tura ku Asibitin Malam Aminu Kano, ku sauka a wurina. Kuɗin mota na nan tafe gobe. Kai ma, Yaya, ka rabu da karan nan.

Allah Ya ba shi lafiya. A gaida Inna.

Ƙanwarka,
daga Kano