Cinyar Alade a Tukunyar Asabar

Idan Kirsimeti ya gabato a Amurka, haka ma Ista, akwai naman da yake mamaye shagunan sayar da abinci: cinyar alade ta baya wadda aka jiƙa da gishiri aka turara da hayaƙi, wadda suke kira ham. Talotalo ne sarkin bikin Godiya na watan Nuwamba, amma wata ɗaya bayan nan gidaje da yawa sun ƙoshi da shi, sai su koma wa cinyar nan, su shafe ta da zuma da jan sukari har ta riƙa ɗaukar ido, su ajiye ta a tsakiyar teburi. A da tanderu ne kawai yake wannan aiki. Yanzu wata tukunyar lantarki mai dahuwa a sannu, wadda aka fi sani da sunan Crock-Pot, ta karɓe shi a gidaje masu yawa.

Ni Musulma ce, wannan nama ba abincina ba ne kuma ba zai zama ba. Tukunyar ce ta ja hankalina, domin asalinta daga gidan mutanen da su ma alade haramun ne a wurinsu, kuma abin da ya haife ta tambaya ce da kowace mace mai girkin biki ta sani: ta yaya za a ci abinci mai zafi a ranar hutu ba tare da wani ya rasa nasa hutun ba?

Sai an fara fahimtar naman kafin a fahimci tukunyar. Kafin zuwan firij, manoman Turai da Amurka suna yanka aladu ne a ƙarshen kaka, lokacin da sanyi ya fara shiga kuma nama ba ya saurin lalacewa. Abin da ba za a iya cinyewa nan take ba sai a binne shi cikin gishiri, a rataye shi a ɗakin hayaƙi. Cinyar baya ita ce mafi girma, ita take ɗaukar watanni kafin gishiri ya ratsa ta, shi ya sa take nuna daidai lokacin da hunturu ya wuce, Ista ta zo. Dabarar ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san kilishi ko soyen naman layya: a raba nama da ruwansa domin ya daɗe. Har yau ana yin irin wannan busasshiyar cinya a kudancin Amurka, kuma jihar Bajiniya ta kafa doka a 1926 da ta fayyace wace cinya ce za a iya kira da sunan garin Smithfield.

Sai dai wadda yawancin mutane suke saye a yau ba ita ba ce. A masana'anta ake ɗura mata ruwan gishiri da sukari da allura, a haɗa da wani sinadari mai suna naitirait, wanda yake hana ƙwayar cutar da ke haddasa gubar botulizim tsiro, kuma shi ne yake ba naman launinsa na ja-ja da ba ya gushewa ko an dafa. (Ba a kyauta ake samun wannan ba. A 2015 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya sarrafaffen nama irin wannan cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna iya jawo ciwon daji, musamman na hanji.) Bayan ɗurin sai a turara ta, a dafa ta sarai, a kulle a leda. Sau da yawa ma a yanke take zuwa, domin wani mutumin Detroit, Harry Hoenselaar, ya ƙirƙiro na'urar da ke zagaye ƙashi tana yanka naman siriri siriri ba tare da ya rabu da ƙashin ba, ya kuma buɗe shagonsa na HoneyBaked a 1957.

Ke nan uwargidan da ta sayo irin wannan cinya ba dafa ta za ta yi ba, ɗumama ta za ta yi. A nan wahalar take. Ƙaton nama mai kilo uku ko huɗu, wanda aka riga aka yayyanka, idan aka saka shi a busasshen zafin tanderu gefensa zai bushe ya yi tauri tun kafin ɗumi ya kai ga ƙashi. Ma'aikatar Noma ta Amurka ta ce ya isa zafin cikinsa ya kai digiri 60 a ma'aunin Salshiyos idan a kulle ya fito daga masana'antar da ake duba ta, in kuwa an buɗe shi an sake ƙunshewa to sai ya kai 74. Duk abin da ya haura haka asarar ruwan nama ce kawai.

Tukunyar dahuwa a sannu kamar don wannan matsala aka yi ta. Kasko ne mai kauri na yumɓu, yana zaune cikin gwangwanin ƙarfe mai wayar zafi, da murfi mai nauyi. Wutar da take ci ba ta fi ta tsofaffin ƙwayayen fitila biyu ko uku ba. Tururin da ya tashi yana bugun murfi ya koma ruwa ya sake ɗiga a kan naman, don haka babu inda zai bushe. Yadda ake yi ba shi da wuya: a kifa cinyar, yankakken gefen yana ƙasa, a zuba ɗan ruwan tuffa ko na abarba, a shafa rabin haɗin zaƙin, a rufe, a bar ta awa huɗu zuwa biyar a ƙaramin zafi. Idan ƙashin ya hana murfi zama, sai a lulluɓe bakin da takardar alminiyom. Ba a so a riƙa ɗaga murfi ana leƙe, domin kowane leƙe yana zubar da zafin da sai an daɗe kafin ya dawo. Ba a kuma saka daskararren nama daga firiza, saboda zai daɗe tsakanin digiri 4 da 60, inda ƙwayoyin cuta suka fi samun sakewa. A Ingila lamarin ya ɗan bambanta, domin cinyar da suke saye don Kirsimeti galibi gishiri kawai ta sha, ɗanya ce, tukunyar dafa ta take yi da gaske, kuma tana buƙatar lokaci fiye da haka.

Haɗin zaƙin kuwa kowane gida da nasa. Ginshiƙinsa jan sukari, ɗan'uwan mazarƙwailarmu, da zuma, sai mustad da ɗan ruwan khal don su karya zaƙin, sai kanumfari. A kudu wasu Coca-Cola suke zubawa. Masu son abarba sun san ta gwangwani ake amfani da ita, domin ɗanyar tana ɗauke da wani sinadari mai narkar da nama, wanda in ya daɗe a jikinsa zai mayar da shi kamar dusa. Zafin da aka yi wa ta gwangwani ya riga ya kashe shi.

Amma akwai abin da tukunyar ba za ta iya ba, kuma littattafan girki da yawa suna wucewa ta kansa da sauri. Ba ta iya ƙyallin. Muddin akwai ruwa a ciki, zafinta ba zai haura na tafasa ba, wato digiri 100. Sukari kuwa ba ya ƙonewa ya yi launin nan mai duhu da ƙamshi sai wajen digiri 160. Haka ma sauyin da yake sa gasasshen nama ya yi ja, wanda masanin kimiyya Bafaranshe Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912, ba ya kankama sosai sai zafi ya wuce na tafasa nesa, kuma fuskar naman ta bushe. Shi ya sa tsire da dafaffen nama ba su ɗaya ko da daga dabba ɗaya suka fito. Abin da ke fitowa daga tukunyar nama ne mai taushi yana iyo a cikin romo mai zaƙi. Wadda take son ƙyalli dole ta ciro shi, ta tafasa romon a wani kasko har ya yi kauri kamar madi, ta shafa, sannan ta tura shi ƙarƙashin wutar saman tanderu na mintuna kaɗan tana tsaye a kai, domin tsakanin ƙyalli da ƙauna ba nisa. A ganina wannan ciniki ne mai kyau. Minti goma a tsaye ba awa uku ba ne.

Daga ina tukunyar ta fito? Wanda ya ƙirƙiro ta injiniya ne Bayahude ɗan Amurka, Irving Naxon, wanda sunansa na asali Nachumsohn. Mahaifiyarsa ta taso ne a Lituwaniya, kuma ta ba shi labarin yadda ake yi a can. Dokar Yahudawa ta hana kunna wuta da girki a ranar Asabar, tun daga faɗuwar ranar Juma'a. Don haka matan garin sukan haɗa wake da nama da dankali a tukunya, abincin da suke kira cholent, su aika da ita gidan mai burodi kafin magariba. Shi ya gama aikinsa, tanderunsa yana hucewa a hankali. Tukwane su kwana a ciki suna nuna da ragowar zafin, washegari bayan an taso daga majami'a kowa ya ɗauko tasa. Ba wanda ya hura wuta, ba wanda ya karya doka, kuma an ci abinci mai zafi.

Naxon ya nemi ya ƙera tanderun mai burodin nan a cikin tukunya ɗaya. Ya shigar da takardar neman haƙƙin ƙirƙira a 1936, aka ba shi a 1940, daga baya ya sayar da ita a matsayin tukunyar dafa wake. Ba ta yi wani tashe ba. A 1970 kamfanin Rival na birnin Kansas ya sayi kamfaninsa, ya sa ma'aikatansa masu gwajin girki suka gano cewa tukunyar waken tana iya dafa kusan komai, ya fito da ita a 1971 da sunan Crock-Pot. Ta zo a kan gaɓa. Matan aure a Amurka suna fita aiki fiye da kowane lokaci a baya, kuma tallar kamfanin ta nufi su kai tsaye: tukunya tana girki duk yini alhali mai girkin ba ta gida. Bayan shekara biyu rikicin man fetur na 1973 ya sa kowa ya fara lissafin kuɗin makamashi. Littafin girkin da Mable Hoffman ta rubuta don tukunyar a 1975 ya shiga sahun littattafan da aka fi saye a ƙasar.

Na ga wannan da idona a wani Disamba da na yi a wani ƙaramin gari a tsakiyar Amurka, a gidan wata dattijuwa da ta sauke ni lokacin wani horon 'yan jarida. Da safiyar Kirsimeti ta jera tukwane biyu a kan kanta. Ɗaya cinyar iyalinta ce. Ɗayar sabuwa ce fil, ta saya ne saboda ni, ta saka kafaɗar rago da ta yi tafiya mai nisa ta samo a shagon halal, kowace tukunya da cokalinta, ba ta yarda sun haɗu ba. Ta kunna su, ta ɗauki jakarta ta tafi coci. Da na tambaye ta ko ba ta tsoron barin girki ba kowa, sai ta ce mahaifiyarta ba ta taɓa halartar sujadar safiyar Kirsimeti ba sai bayan da ƙafafunta suka daina ɗaukar tsayuwar kicin, domin wani ne zai tsaya yana shafa wa naman romo duk bayan minti ashirin, kuma wannan wanin kullum ita ce. Tanderu ɗaya ne a gidan, ga burodi, ga dankali, ga kek, duk suna jiran layi. Cire naman daga layin shi ya buɗe mata ƙofa.

Raguna, in za a faɗi gaskiya, sun fi cinyar dacewa da tukunyar. Kafaɗa cike take da jijiya, kuma jijiya ba ta son gaggawa. Zafi kaɗan na tsawon awa bakwai ko takwas shi ne yake narkar da ita ta koma romo mai danƙo, irin wanda muke samu a farfesun ƙafar saniya da ya kwana a kan garwashi. Cinyar alade ta riga ta dahu, tukunyar riƙe mata ruwa kawai take yi.

Ba na so in zuzuta abin fiye da kima. Tukunyar ba ta raba aikin gida tsakanin miji da mata ba, ta dai matsar da shi zuwa asuba. Mace ce har yanzu take yanka albasa kafin gari ya waye, ita ce kuma za ta wanke kaskon yumɓun mai nauyi da sukari ya manne masa. Wasu ma suna ganin irin waɗannan na'urori sun ba maza hujjar ci gaba da zama, tunda ai "girkin yana yin kansa". Duk da haka, duk wadda ta taɓa wuni a gaban murhu ranar Babbar Sallah, tana jiyo hayaniyar 'yan yawon Sallah daga bayan katanga, ta san darajar awa huɗu.

A wurinmu kuwa abin da ke tsakaninmu da wannan tukunya ba naman ba ne, tunda rago da kaza da wake duk suna shiga. Wuta ce. Dahuwa a sannu tana buƙatar lantarkin da ba zai yanke ba na tsawon awa huɗu zuwa takwas, kuma shawarar Ma'aikatar Noma ta Amurka a kan haka ba ta da sassauci: idan wuta ta ɗauke ba kya gida, ki zubar da abincin ko da ya yi kama da ya nuna, domin ba ki san tsawon lokacin da ya yi yana hucewa ba. Masu hasken rana a gida ne kaɗai za su iya gwadawa hankali kwance, kuma da yake wutar da take ci kaɗan ce, batirin da ba zai iya ɗaukar tanderu ba yana iya ɗaukar ta. Sauranmu muna nan tare da matan Lituwaniya, muna rufe tukunya da toka mai zafi mu je mu dawo.