Darasi a Gindin Darbejiya

Ranar Asabar muka tashi daga Madobi, muka bi ta Kura zuwa Kadawa, inda ruwan dam ɗin Tiga ke shayar da gonakin rani. A gindin darbejiya muka tarar da wani malamin tashar binciken noma ta Jami'ar Ahmadu Bello zaune kan tabarma tare da manoma.

Wani dattijo ya tuno 2016, shekarar da tsutsar sharon ta cinye tumatir.

"Malam, me ya hana feshi kashe ta?"

"Baba, cikin ganye take ɓuya, magani ba ya cimma ta."

Malamin ma ya yi ta tambaya, yana rubuta amsoshinsu.

Ƙannenmu, in aka yi irin wannan zama a garinku, ku je da tambayoyinku.