Araha Ba Ta Ado

A wata unguwa ta Maradi akwai wani dattijo wanda ya yi shekaru yana wanke gyambunan masu ciwon kuturta a asibitin Danja kafin ya ajiye aiki. Kowa Baba yake ce masa. Cikin kayansa akwai ɗan abin yankan farce da yake ajiyewa a gwangwani. Ya saye shi tun kafin a karya darajar kuɗin sefa a shekarar 1994, a kan kuɗin cefanen kwana biyu, har matarsa ta yi ta mita. A jikinsa an rubuta Solingen, wani gari ne a Jamus da ya yi suna wajen ƙera wuƙaƙe da almakasai. Har yau yana yanka kamar sabo.

Da Inna ta tsufa, ciwon sukari ya kashe mata ƙafafu, ko ƙaya ta taka ba ta ji. Saboda haka Baba ne yake yanke mata farce da hannunsa. Wata rana ya yi tafiya Damagaram, mabuɗin akwatinsa yana aljihu. Jikansu ya ga farcen kakarsa ya yi tsawo, sai ya sayi abin yanka na dala ashirin a bakin kasuwa, yana nufin alheri. Amma bakin abin bai haɗu ba. Maimakon ya yanke farcen babban yatsa, sai ya tauna shi, ya tsaga har cikin tsoka. Inna ba ta ji kome ba. Bayan kwana uku yatsan ya kumbura, ya fara ruwa. Sati shida ana zuwa wankin ciwo kafin ya rufe, da kyar aka tsirar da yatsan.

Da Baba ya dawo bai yi faɗa ba. Ya zaunar da yaron a tabarma, ya ɗaga abubuwan biyu wajen hasken rana.

“Matsa ka duba,” in ji shi. “Wanne kake ganin haske a tsakanin bakinsa?”

“Nawa, Baba.”

“To, shi ne mai tauna. Na kirki in ka danna, bakinsa biyu sukan haɗu daga wannan gefe zuwa wancan.”

Ya nuna masa sauran alamu. A jijjiga hannun da ake dannawa, in yana rawa a kan ƙusarsa ba zai daɗe ba. A auna shi a tafin hannu, gama ƙarfe mai kauri ba ya lanƙwashewa a kan farce mai tauri. A nemi ƙarfe marar tsatsa, domin na araha shafe ne kawai aka yi masa, damina ɗaya ya ɓare. Na ƙafa kuma ya zama babba mai miƙaƙƙen baki, gama in aka zagaye gefen farcen ƙafa yakan tsiro cikin nama.

Sa'an nan ya koya masa riƙo. A jiƙa ƙafa a ruwa mai ɗumi, a gwada zafinsa da hannu tukuna. A yanka kaɗan kaɗan. In an gama a wanke abin, a shanya, a ɗiga mai a ƙusar. Kada kuma a ba da aronsa, ko a miƙa ƙafa ga almakashin da ya bi ƙafafun jama'a, domin ƙwayar ciwon hanta takan yi kwana bakwai da rai a busasshen jini.

“A Danja na ga mutum ya rasa rabin ƙafa,” in ji Baba, “mafarin kuwa reza ce da farce ɗaya.”

Yaron ya tara kuɗin tallan ƙosai na wata biyu, ya shiga shaguna huɗu yana ɗaga kowanne wajen haske, masu shago suna dariya, har ya sami wanda bakinsa ya haɗu. Yanzu idon Baba ya raunana. Ran Asabar da yamma jikan ne yake durƙusawa gaban Inna da kwanon ruwa, Baba yana gefe yana cewa, “A hankali, kada ka zagaye gefen.”